Man Godiyar da Ya Tsayar da Mu a Fadama

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a shafin nan ina jinjina kai, yau ga nawa na kawo. Ba zan faɗi sunana ba. Ba tsoro nake ji ba, sai dai waɗanda labarin ya shafa jinina ne, kuma ba na so a nuna su da baki a kasuwa.

A lokacin ni bazawara ce, shekaruna arba'in da 'yan kai, ina zaune a Madarumfa da 'ya'yana. Tun rasuwar maigidana na riƙe sana'ar da muka fara tare. Ina sayen zogale a lambunan bakin tabki in busar, in haɗa da man gujiya in kai Maraɗi, wani lokaci har Ɗan Issa, kuma Allah ya sa wa abin albarka. A kasuwa an san ni da baki, ba a taka ni in yi shiru. Amma da na shiga gidanmu na tsaya gaban Yayana, sai ka ce an ɗaure mini harshe. Shi ne babba, shi ya tsaya mana bayan rasuwar Baba, kuma an tarbiyyantar da mu a kan cewa in ya ce a ba shi abu, ba a tambayar me zai yi da shi.

Mahaifiyarmu, Inna, tana zaune wurinsa a ƙauyenmu da ke bayan Gabi, tana fama da hawan jini. Wanda ya san hanyar nan ya san cewa da rani rairayi ne, da damina kuma taɓo ne, akwai wata fadama da ƙananan motoci ba sa ko gwada shiga. Duk ranar da jikin Inna ya motsa sai an ɗora ta a amalanke, shanu suna tafiyar ganin dama, ni kuma ina Madarumfa ina riƙe da waya ina jiran labari. Abin da ya sa ke nan na ƙudurta sayen mota, kuma na ce ba zan sayi tsohuwa mai ciwon ɓoye ba. Na shiga makarantar tuƙi a Maraɗi, samari suna ƙyaƙyata dariya in na kashe inji, har na karɓi permina, wato lasisin tuƙi. Sannan na tafi Yamai na ɗauko kat-kat, irin wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja, sabuwa dal, kujerunta a cikin leda, mai shan gazuwal, wato man dizal. Mutumin kamfanin ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya nuna mini yadda ake sa ta jan ƙafa huɗu a rairayi da taɓo, da yadda ake cirewa in an hau kwalta. Ya ja mini kunne a kan mai, ya ce injin zamani ba ya da haƙurin tsofaffin motoci, in na ba ta gazuwal mai ruwa ko mai gauraye za ta kwanta, don haka daga gidan mai kawai zan riƙa sha. Ya kuma nuna mini wata 'yar fitila a gaban sitiyari, ya ce ranar da ta kama, ruwa ya taru a filta, kada in yi wasa da ita.

Ranar da na shigo da ita gari an sha barka. Kowa ya shafa ta ya ce Allah ya tsare sharrin ƙarfe, na raba goro, na yi sadaka. Da aka kai wa Inna ita ta gani, sai ta ƙi shiga da takalmi, ta tuɓe ta riƙe a hannu. Sai dai tun ledar kujeru ba ta yage ba na gane cewa a wurinmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Yau kai amarya, gobe suna, jibi gaisuwar mutuwa a Ɗan Issa. Yaya ya iya tuƙi tun yana ɗaukar kaya a kan iyaka, saboda haka shi ke aiko a karɓi makulli, ni kuma in miƙa ina murmushin dole.

Aron bai dame ni ba kamar godiyar. Al'adarmu ce, wanda ya ari abin hawa ba ya mayar da shi da tanki a bushe, abin kunya ne. Ko babur ka ara sai ka tsaya bakin hanya an tsiyaya maka kwalba kafin ka mayar. To haka aka riƙa yi wa motata. Duk wanda aka kai wa amarya ko aka kai shi jana'iza sai ya ja Yaya wurin masu man bakin hanya, a kafa mazurari a zuba mata gazuwal daga tano ko bido, wato duro ko jarka, a dawo mini da ita ana washe baki, wai ga ta nan an ƙosar da ita. Wa zai dubi dattijon da ya cire kuɗin guminsa ya yi maka alheri ya ce masa alherinsa guba ne? Na taɓa gwada faɗa wa Yaya a hankali, na ce masu kamfani sun hana. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ke dai 'yar nan an cika miki kunne da zancen Yamai, ya ce shi ya tuƙa motocin da suka sha kananzir suka kai Agadas suka dawo, ƙarfe ba ya zaɓen abinci. Na yi shiru. Wannan shirun shi kaɗai nake nadama a duk labarin nan.

Da damina ta kankama sai motar ta fara magana. Da safe sai ta yi tari kafin ta tashi, in na taka sai ta yi jinkiri kamar mai tunani, hayaƙinta ya canza. Rannan 'yar fitilar nan ta kama. Na kai ta garaji a Maraɗi, makanike ya kwance ƙasan filta ya tsiyaye ruwa a gwangwani ya nuna mini, ya canza filtar, ya tambaye ni inda nake shan mai. Na dawo gida da niyyar daga yau an daina. Amma kafin mako ya zagayo Yaya ya zo da kansa, ya ce surukin maƙwabcinsa ya rasu, mutane suna jira a ƙofar gida, har an riga an gaya musu akwai mota. Na ba shi makulli, na roƙe shi don Allah kada a zuba mata komai. Washegari da yamma ya dawo da ita tanki cike har wuya. Ya ce masu makoki ne suka rantse sai sun cika, shi kuma ba zai kunyata su ba.

Da hantsin ranar da ta biyo baya matar Yaya ta kira ni tana kuka. Ta ce Inna ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya karkace, hannunta na dama ba ya motsi. Ko mayafin kirki ban ɗauka ba na faɗa mota. Tun kafin in fita gari fitilar ta kama, amma ina zan tsaya? Na isa ƙauye motar tana tari tana shiɗewa, muka kwantar da Inna a baya kanta a cinyar matar Yaya, shi Yaya ya zauna gaba kusa da ni. An kwana ana ruwa, fadamar ta cika da taɓo. Na sa ta jan ƙafa huɗu yadda aka koya mini, na shiga a hankali, ta fara ratsawa kamar abin arziki. Muna tsakiya, daidai inda ake buƙatar ƙarfinta, sai ta yi wata irin shaƙuwa ta mutu. Na murɗa makulli, ta yi gurnani ta yi shiru. Na sake, na sake. Yaya ya sauka cikin taɓo har gwiwa ya buɗe gaba ya tsaya yana kallon injin da bai taɓa ganin irinsa ba, babu ko inda zai sa hannu. Ni kuwa na juya na dubi Inna, idonta a buɗe yana kaina, tana so ta yi magana harshe ya ƙi.

Amalanken da na sayi mota don in raba ta da shi, shi aka je aka nemo. Muka ɗauke ta a hannu muka fitar da ita daga fadama, shanu suka ja mu har bakin babbar hanya, muka tsaya jiran mota a rana. Ba mu shiga asibiti a Maraɗi ba sai bayan la'asar. Likita ya duba ta ya ce irin wannan ciwo da lokaci ake tsere, kuma mun makara. Inna ta rayu, alhamdulillahi, amma ɓarin jikinta na dama ya tafi, maganarta ma ta tafi, sai 'yan sautuka da mu kaɗai muke ganewa.

Motar kuwa sai da aka jawo ta da tarakta. A garaji aka sauke tankin aka juye a babban baho, na tsaya da idona na ga ruwa ya kwanta a ƙasa, mai yana yawo a sama, ga warin kananzir. Famfon mai da bakunan da ke fesa shi cikin inji duk sun lalace. Kamfani suka ce garanti bai shafi ɓarnar gurɓataccen mai ba, kuma ban yi musu gardama ba, don sun gaya mini tun ranar farko. Na sayar da shanun da nake kiwo na gyara ta. Na dawo da Inna gidana a Madarumfa. Sannan na aika wa kowa cewa daga yau makullin motata ba ya kwana a hannun wani, kuma ba mai sake buɗe mata tanki sai ni.

Nan fa aka ce ba a san zance ba. Wai arziki ya hau mini kai, wai na zama marowaciya, wai mace da mota dama ƙarshenta ke nan. Yaya ya ce na ɗora masa ciwon Inna alhali ƙaddara ce, ya daina amsa gaisuwata. Ni ban taɓa musun ƙaddara ba. Amma ruwan da na gani a bahon nan hannun mutane ne ya zuba shi, kuma ba zan yi ƙaryar ban gani ba don a ji daɗi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai Kawunmu, ƙanen Inna, ya tara mu a ɗakinta. Ya yi nasiha mai tsawo a kan zumunci, ya ce in ba Yaya haƙuri, makulli kuma ya koma hannunsa tunda shi ne uban gida, ni in riƙa aika a karɓo in ina da buƙata. Na ce haƙuri zan bayar, don ya girme ni kuma na san bai yi da mugunta ba, amma makulli ko za a yanka ni ba zan bayar ba. Tunda nake ban taɓa musa wa Kawu ba, amma na maimaita. Ransa ya ɓaci, ya ce to in ajiye makullin gaban uwarmu, ita ta raba gardama, tunda hankalinta garau yake. Kowa a ɗakin ya san yadda Inna take ji da ɗanta na fari, ni ma na sani. Na ajiye shi a kan tabarma a gabanta.

Inna ta daɗe tana kallon Yaya. Sannan ta miƙa hannunta na hagu ta jawo makullin, ta laluba haɓar zanenta ta naɗe shi a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaure ƙulli, sai ta sunkuya ta kama bakin zanen da haƙora ta ja, ya kwance, ta sake kamawa ta ja har ya ɗauru. Matar Yaya ta yunƙura za ta taimaka mata, ta ture hannunta. Yaya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan rigarsa, can ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Har yau a nan makullin yake kwana. In zan fita sai in durƙusa in kwance, in na dawo in mayar in ɗaure mata. Ban hana kowa motar ba. Mai ciwo, mai naƙuda, mai gawa, ni nake tuƙa su da kaina, ko daga ƙauyen wa suka fito. In an kawo man godiya sai in ce a kai wa mai injin ban ruwa, ni addu'a ta ishe ni, wanda ya ji haushi ya ji. Yaya yana zuwa gaida Inna ranar Juma'a, muna gaisawa sama-sama, bai sake tambayar makulli ba, kuma ban san ranar da za mu koma kamar da ba. Abin yana ci mini rai, amma ko yau aka sake tara mu amsata ba za ta canza ba.

Abin da na koya shi ne, alheri ma yana ɓarna in an yi shi da jahilcin abu, kuma kunyar faɗin gaskiya ga babba tana da tsada. 'Yan uwana masu sayen sabuwar mota, musamman mata, ku ji abin da masu ita suka gaya muku, ku sha mai a inda ya dace, in fitila ta kama ku tsaya ku duba. In kun san dalilin da ya sa kuka saye ta, ku tsare wannan dalilin tun ranar barka, ku faɗi sharaɗinku da ladabi amma da babbar murya, ko gaban wa. Za a ce muku marowata, ni ma an ce mini, kuma ban mutu ba. Na ji kunyar Yayana na 'yan watanni, ga shi yanzu kullum da safe ni nake ba uwata koko a baki da cokali.