Bel Ɗin Rage Tumbi Ya Kusa Gasa Anti Laraba

Jama'a, yau saura ƙiris Anti Laraba ta gasu da ranta a gidanmu na Samaru!

Ƙanwar mamata ce. Ta daina bin kaset ɗin tsalle-tsallen motsa jiki, wai tsohon yayi ne. Jiya ta sayo bel ɗin rage tumbi a kasuwar Sabon Gari, irin wanda ake jonawa da wuta ya ɗau zafi. Yau da ta gwada, bai zagaye cikinta ba, sai ta ƙara masa ƙyalle, ta sa na ɗinke shi a jikinta da zare da allura. Ta jona, ta kwanta.

Ina tsakar gida na ji ƙauri. Sai ihu!

"Talatu! Wayyo cikina!"

Na shiga a guje. Hayaƙi na tashi ta bayanta! Na fizge wayar daga soket, amma robar ta riga ta fara narkewa. Na ja, ɗinkin ya ƙi sakewa. Ninki biyu na yi masa!

Na ce, "Almakashi! Ina almakashi?"

Babu! Sai ga Baba da rezar askinsa.

"Laraba, shanye cikinki. Kar ki motsa!"

Ƙyat! Zare ya tsinke, bel ya faɗi yana hayaƙi. Fatar bayanta duk ta tashi.

Baba ya ce, "Mu a zamaninmu gudu muke yi har Palladan mu dawo, ba wanda ya taɓa ƙonewa."

Yanzu tana kwance rub da ciki, wai ni ce na matse ɗinkin. Tsakani da Allah, laifina ne?