Inda Garma Ba Ta Shiga

Mun tashi da asuba daga Kurudu, ni da mahaifina da wani abokin aikina mai mota. Baba ne a gaba, ya sha farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kabarin mahaifiyarsa za mu nema. Ta rasu yana ɗan shekara bakwai, a wani ƙauyen Gbagyi kusa da Kwali inda kakana ke fataucin tukwane. Can aka binne ta, suka koma Zariya, bai sake taka wurin ba. Yanzu ganinsa ya fara rauni, kuma tun da ya zo wurina ganin likita maganarsa ɗaya ce: a kai shi ya tsaya a kanta ko da sau ɗaya.

Ni kuwa ɗan boko, na ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Na yi makonni ina tonon intanet. Na samo taswirar zamanin Turawa da wani ɗakin karatu ya ɗora, na shiga wani zauren intanet inda ake sa hotunan Abuja tun tana daji, na saurari hirarrakin da aka naɗa da tsofaffi. Da na rubuta sunan ƙauyen a taswirar waya, sai ga shi tsaf a bakin titi. Har na cika wa Baba baki cewa kafin azahar mun dawo.

Sammako ya raba mu da cunkoson Nyanya. Muka zaga ta kasuwar Zuba, don Baba ya ce ba a shiga garin mutane hannu rabbana. Kasuwar ta riga ta cika, ana sauke lemo da ayaba da kankana, ƙamshi da warin ruɓaɓɓe sun gauraye. Da mai lemo ya faɗi kuɗin kwando, Baba ya tambaye shi ko har da bishiyar zai haɗa mana. Muka karya da ƙosai da kunu a tsaye, muka kama hanyar Gwagwalada, manyan motoci suna ta matse mu.

Bayan Kwali wayar ta ce mun iso. Baba ya fito, ya juya gabas, ya juya yamma, ya ce ba nan ba ne. Garinsu a gindin dutse yake, da rafi a bayansa. Na nuna masa allon waya, ya ce ko waya ta rantse da Allah ba nan ba ne. Ban ɓoye muku ba, na ɗauka tsufa ne, har zuciyata ta karye dominsa.

Wata tsohuwa mai ginin tukwane ce ta raba gardama. Ta ce, "Yarona, Baba ya yi gaskiya. Gari ya sauko titi tun da daɗewa, ya taho da sunansa. Wancan na dutse kufai ne." Sai na buɗe tsohuwar taswirar da na ajiye ban ƙara dubawa ba, ga ƙauyen can a gindin dutse, da zanen rafinsa. Kunya ta kama ni.

Mota ba ta shiga, sai babura. Da muka isa, babu bango, babu rijiya, sai kunyoyin doya iya ganinka, da duwatsun siminti na masu awon fili a jere a bakin hanya. Baba ya gane dutsen, ya gane rafin, amma ya rasa inda zai sa ƙafa. Ya tsaya yana murza carbi.

Mai gonar ya taso da garma a kafaɗa, da ƙaramin gicciye a wuyansa. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya ce, "Oga, ku biyo ni." A tsakiyar gona akwai wani fili da bai fi faɗin ɗaki biyu ba, ciyawa ta rufe shi. Ya ce, "Babana ta gaya mini, nan Hausawa suna kwance. Garma ba ya shiga. Ni ma na gaya wa yarana."

Baba ya tuɓe takalmi. Bai san wanne ne kabarinta ba, sai ya yi wa kowa addu'a. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ni ma na ji kewar matar da ko hotonta ban taɓa gani ba. Lemon da muka saya, mai gonar muka bar wa.

Mun shigo Kurudu bayan magariba, a gajiye liƙis. Na koyi cewa intanet na iya kai ka bakin gari, amma sauran tafiyar sai ka yi sallama ka tambayi mutane. Washegari na rubuta duk abin da muka gani na sa a zauren nan, tun kafin masu awon fili su shigo ciki. Da na karanta wa Baba, ya ce, "Duk rayuwata in na yi mata addu'a, ban san inda zan sa ta a zuciyata ba. Yanzu ko idon ya rufe, na gani."