Ranar da Aka Zo Dubiyata Ina Shan Rake

A shekarar da aka datse layukan waya a jiharmu saboda matsalar tsaro, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Gummi. A danginmu kuwa ni ne malamin waya. Duk wanda tasa ta ƙi kamawa, ni yake kawo wa. Abin da na iya bai wuce in kashe in kunna ba, amma nakan ɗaure fuska in juya ta gaba da baya tukuna, don kada a raina aikin.

Da sabis ya ɗauke, sai na zama kamar ɗan tireda ba kanti. Ana haka wani abokin aikina ya ce mini akwai ofishin wasu masu aikin agaji da ke da farantin tauraron ɗan'adam, kuma intanet ɗinsu na waifai yana tsallako katanga. Ban ko tsaya cin abincin rana ba.

Na iske mutane jere a gindin katangar, kowa ya sunkuyar da kai kamar masu tsince shinkafa. Da na duba wayata, sai na ga sunan ofishin ya fito sau biyu. Ɗaya da alamar kwado, ɗayan a buɗe, an ƙara masa "kyauta" a ƙarshe. Na ce a raina, ga ƙofa a buɗe, me zai kai ni roƙon makulli? Na danna. Wani shafi ya fito yana cewa in shiga da shafina na sada zumunta. Na zuba suna da kalmar sirri. Ya yi ta juyawa, bai buɗe ba. Na sake, na kuma sakewa a hankali, harafi bayan harafi, don kada ɓarawo ya sha wahalar karantawa. Da ya ƙi, na ce bari in gwada da ta imel. Har wani dattijo da ke kusa da ni na yi wa tayin in sa masa tasa. Allah ya taimake shi, ya mance kalmarsa.

Na koma gida ina zagin masu ofishin da rowa.

Bayan 'yan kwanaki ina zaune a ƙofar gida da la'asar, na miƙe ƙafafu ina shan rake, sai ga mota ta tsaya. Yayana da ke zaune a Sakkwato ya fito, fuska ba annuri. Bayansa Inna ce, wadda ya biya Bukkuyum ya ɗauko, riƙe da ƙwaryar fura da ƙullin maganin ɗori. Ta tsaya tana kallona daga sama har ƙasa.

"Wace ƙafar ta karye?" in ji ta.

Na ce, "Ƙafar wa, Inna?"

"Taka mana! An ce mota ta faɗi da ku hanyar Anka, kana kwance asibiti. Tashi in gani."

Na tashi da guntun rake a hannu. Ta sa na taka zuwa bakin kwata na dawo, maƙwabta suna leƙe. Sannan ta zauna a kan tabarmata ta fashe da kuka, tana hamdala tana zagina a numfashi ɗaya.

Yaya ya nuna mini wayarsa. Ga hotona, ga sunana, ga saƙo ina roƙon a agaza mini da kuɗin aiki a tura wani asusu. Ya ce ya yi ta kira ba ya shiga, kuma ya san ko ina mutuwa ba zan rubuta masa "ranka ya daɗe" ba, shi ya sa ya ce gara ya zo ya gani da idonsa.

Matata ma'aikaciyar lafiya ce, an taɓa yi musu bita a kan irin wannan saboda na'urar da suke shigar da bayanan rigakafi. Ta saurari labarin katanga har ƙarshe, ba ta yi dariya ba sai da ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ce, "Malam, wancan buɗaɗɗen ba na ofishin ba ne. Wani ne ya zauna kusa da ku ya ari sunansu. Ai sai ka tambayi masu wurin wanne ne nasu. Kuma waifai na gaskiya me zai yi da kalmar sirrin shafinka?"

Na ce dama na yi zargin haka.

Washegari Yaya ya tafi da ni har inda sabis ke kamawa a ɓangaren Sakkwato. A bakin titi na karɓi lambar tabbatarwa, na ƙwato imel da shafin da ƙyar. Na canza kalmomin sirri, kowanne da tasa, domin a da duk sunan garinmu ne da shekarar haihuwata. Na kunna matakin nan na biyu da ke neman lamba kafin a shiga, na hana wayar kama duk waifai da ta gani da kanta. Manhajar banki kuwa, tun daga ranar ban sake buɗe ta a kan waifai na jama'a ba, sai da datar wayata.

Sai na zauna karanta amsoshin da ɓarawon ya samu. Wani tsohon ɗan ajinmu ne kaɗai ya tura masa ɗan kuɗi, na kira shi na ba shi haƙuri. Sauran duk "Allah ya ba da lafiya" suka rubuta, wani ma ya haɗa da hoton fure. Na rasa ko in yi murna ko in ji haushi.

Furar dai ni na shanye ta, tunda da sunana aka dama. Inna ta kwana biyu ta koma, ta bar wa matata maganin ɗorin, ta ce a ajiye, wai mai irin hankalina ba a san ranar da zai buƙace shi ba.