Waƙar da Baban Duma Ya Yi wa 'Yan Tsere

Kawuna Marolop Sitanggang ya tsufa a gaban mawaƙan cocinmu da ke tsibirin Samosir, yana kaɗa hannu muna rerawa. A garinmu ba a kiran magidanci da sunansa, sai da sunan ɗansa ko 'yarsa ta fari, shi ya sa kowa ke ce masa Baban Duma. Kullum sai ya amsa sunan nan, alhali shekaru sun ja rabonsa da magana da 'yar tasa Duma.

Shi gwanin waƙar jana'iza ne. Duk wanda ya rasu a garin nan da waƙar Kawu aka raka shi kabari. Da lambobi yake rubuta karin waƙa, yadda muka saba, kuma ja yake yi har numfashin mutum ya ƙare bai kai ƙarshen layi ba. Ni da na daɗe ina rerawa a bayansa, ƙirjina ya shaida.

Duma kuwa tun tana yarinya ta fi samari iya tuƙa kwale-kwale a tafkin Toba. Da aka ɗauke ta cikin 'yan tseren kwale-kwale na ƙasarmu, sai ga shi tseren yakan faɗo ranar Lahadi. Kawu ya ce 'yar shugaban mawaƙa ba za ta riƙe filafili ana sujada ba. Ta ɗauki jakarta, shi kuma ya ƙi zuba mata shinkafar albarka a ka, wadda iyaye ke zuba wa duk ɗan da zai yi doguwar tafiya. Uwarta kaɗai take kira a waya, har uwar ta rasu.

A shekarar da ƙasarmu ta karɓi baƙuncin gasar ƙasashen Asiya, Fasto ya sanar cewa ana neman sabuwar waƙar yabo da za a rera wa 'yan wasa Kirista kafin su fita fili. Duk mun san Duma za ta zauna a wurin sujadar nan. Abin da bakinsa ya kasa faɗa mata, shi yake so ya aika mata a waƙa.

Ya sha wahala wajen rubuta waƙar. Idanu sun yi rauni, ga ciwon baya, ga babu mai dafa masa kofi. Ranar da ya kawo mana muka gwada, ba mu gama baiti na farko ba Maman Lamhot, babbar cikinmu, ta zauna daɓas.

"Baban Duma, wa ya mutu kuma? Ai da wannan waƙar kafin su tura jirgi ruwa an raba kyaututtuka an watse!"

"Allah ba ya sauri," in ji shi.

"Allah kam, amma 'yan China fa?"

Muka tuntsire da dariya, shi kuma ya naɗe takardarsa a hankali. Washegari na gan shi bakin tafki yana kallon masunta, yana buga yatsa a gwiwa daidai da faɗuwar filafili. Ya gyara, ya sake gyarawa, amma hannun da ya saba da kabari ya ƙi sakewa. Fasto da kansa ya zo ya faɗa masa kwamitin da ke zaɓen waƙar ya ɗauki ta wani saurayi daga birnin Medan, sun ce ta Kawu ta yi nauyi.

"Sun yi gaskiya," kawai ya ce. Na ji tausayinsa har na kasa dubansa.

Tseren ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi da hantsi. Rabin mazan garin suka sulale shagon bammi inda akwai talabijin. Fasto, don ya faranta wa Kawu rai, ya ce mu rera waƙar a cocinmu. Kawu ya ɗaga hannu muka fara da jan nan nasa. A baiti na biyu sai hannun ya soma sauri. Ya ƙara, ya ƙara, kafaɗarsa tana dukawa gaba tana komawa baya, idonsa a rufe. Muna haki muna binsa, har ya tsere mana gaba ɗaya. Maman Lamhot ta dafa ni ta ce, "Ke, ba waƙa yake kaɗawa ba, tuƙi yake."

Ya buɗe ido ya ga mun yi shiru. Sai ya sauka, ya bi ta tsakiyar jama'a ya fita, shi da bai taɓa barin sujada ba ko da zazzaɓi. Na bi shi, yana jan ƙafa har shagon bammi.

Mun makara. Tseren gajere ne, an riga an gama, jirgin su Duma bai samu komai ba. Talabijin na nuna 'yan mata sun kife a kan filafilansu suna numfashi. Maza suka matsa suka ba shi wuri. Ya kai fuskarsa dab da gilashin, ya daɗe yana nema har ya gane ta. Ya zura hannu a aljihun rigarsa ta coci, ya fito da shinkafa 'yar kaɗan, ya tsaya riƙe da ita.

"Ta rame," ya ce. "Wa ke ba ta abinci a can?"