Jirgin da Aka Sa Ni Na Ɓata

Akwai ranar da har yau ba ta fita a raina ba, ranar da gyara ya kusa jawo min kora. Lokacin watana biyu a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu da ke Riyad, ina cikin watannin gwaji. In muhandis, wato injiniyan da ke kanmu, bai sa min hannu ba, babu sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, sai komawa Kano.

Aikinmu ƙera ƙananan injuna ne da makarantu ke nuna wa ɗalibai. Wata makaranta ta kawo odar wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa irin wanda aka gwada a Ingila kusan shekara ɗari biyu baya. Ba shi da inji a jikinsa. Bututu ne kwance tsakanin ƙarafan dogo, famfo ya zuƙe iskar ciki, iskar waje ta turo fistin, wato toshiyar da ke zamewa a cikin bututun, fistin ya ja tarago. Saman bututun a tsage yake don sandar da ke riƙe da taragon ta wuce, an rufe tsagar da fata.

Muhandis ya yi tafiya, ya bar min haɗawa. Na kunna, jirgi ya kai rabin hanya ya cije, iska na tsiyaya ta gefen fatar. Ni da na tsufa a gyaran kwamfuresa, injin matsa iska? Na ɓalle fatar na sa roba. Jirgi ya dinga sheƙa gudu.

Da ya dawo na nuna masa ina washe baki. Sai ya dafe kai.

"Sani, wa ya sa ka?"

"Ya muhandis, ai yoyo yake yi."

"To yoyon suke so!"

Wallahi na ɗauka Larabcina ne ya gaza. Sai da ya maimaita: makarantar so take ɗalibai su ga abin da ya kashe wannan jirgi, fata ta bushe, iska ta shige, tafiya ta tsaya. Kuma jibi za su zo dubawa.

Na yanko sabuwar fata, ja'irar ta ƙi yoyo. Na shanya ta a kan rufi, ranar Riyad ta gasa ta, sannan na ɗaura ta a bututun. Ka ji ni, bakanike, ina roƙon Allah aikina ya lalace!

Ranar dubawa jirgi ya taso, ya ja ya tsaya cak a gaban shugaban makarantar. Suka ɗauki tafi. Muhandis ya dafa kafaɗata, da la'asar ya sa hannu.

Shi ya sa nake ce muku, ku masu gyara, kafin ku ɗauki sifana ku tambayi mai kaya me yake so abin ya yi. Ni dai shekarata ashirin ina gyara ba wanda ya taɓa tafa min, sai a kan wannan.