Garin Maganin da Na Zuba wa Ɗan Ƙwallo a Kunu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina ganin mutane suna sauke abin da ya nauyaya zukatansu, yau ni ma na kawo nawa. Da ajami na fara rubuta shi, domin da shi hannuna ya saba tun ina gaban mahaifina, daga baya na mayar da shi boko. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Wanda na zalunta ya san kansa, ni ma na san kaina.

A wancan lokacin ina da shekara arba'in da 'yan kai, ɗan kasuwa daga Kano, ina zaune a Guangzhou ta ƙasar China. Ina da ɗan tebur a wani shago na haɗaka a benen Tianxiu, ɗakin hayata kuma yana unguwar Dengfeng. Sana'ata sayen rigunan ƙwallo da takalma in ɗaure in aika gida, alhali ni kaina ban taɓa zama na kalli wasa daga farko har ƙarshe ba. 'Yan uwa suna kirana Malam saboda ni nake jan salla idan mun taru, kuma duk wanda ciwo ya kama ni yake nema, ko in yi masa tofi ko in ba shi wani abu daga kayan da na zo da su. Ina jin daɗin wannan suna fiye da yadda ya kamata, kuma daga nan abin ya faro.

A farkon shekarar da China ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik na haɗu da wanda na zalunta ɗin a shagon aski. Dogo ne baƙi mai faɗin kafaɗa, na ɗauka mutumin Ghana ne, na gaishe shi da Hausa. Ya yi murmushi ya ce shi Ba'amurke ne, ƙwallo yake bugawa wani kulob, kuma ya yi tafiya mai nisa zuwa unguwarmu ne don a inda suke babu mai iya aske irin gashinmu. Turancina na kasuwa ne, nasa kuma yana gudu kamar ruwan famfo, amma mun fahimci juna. Abokin shagona, wani Alhaji mutumin Maraɗi, mai barkwanci ne ƙwarai. Da na kai Ba'amurken shagonmu, Alhaji ya ce in tambayar masa shi, ƙato da gemu ya sa gajeren wando yana bin fata a fili, wannan ma sana'a ce? Ba'amurken ya ce in gaya wa Alhaji ai mu muke sayar da wandon, idan ya daina gudu mu ma mun daina ci. Alhaji ya yi dariya har da dukan cinya, daga ranar ya raɗa masa suna Gajeren Wando.

Tun daga nan duk ranar hutunsa sai ya zo. Mukan ci shinkafa da wake a wurin wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da take sayar da abinci a wani ɗaki a saman bene, sannan mu wuce ɗakina in dama masa kunun gyaɗa, wanda ya ce bai taɓa shan abu mai daɗinsa ba. A bakin wannan kunu na ji tarihinsa. Ya ce daga jami'a wani babban kulob na ƙasarsu ya ɗauke shi, danginsa suka yi biki, amma ya shekara biyu yana ɗumama benci. Aka ba da aronsa ga ƙaramin kulob inda suke tafiyar yini guda a mota don buga wasa ɗaya. Daga can ya tsallaka arewacin Turai, ƙasar da ya ce rana takan faɗi kafin la'asar ɗinmu, a nan ya yi tashe na shekara uku yana tsaron baya, har gwiwarsa ta hagu ta tsage aka yi masa aiki. Bayan ya warke babu wanda ya neme shi sai China, su ma kwantiragin wata shida suka ba shi, idan ya yi ƙoƙari a ƙara masa shekara biyu. Shekarunsa talatin da ɗaya. Ya ce a sana'arsu wannan tsufa ne, kuma wannan ƙofa ita ce ta ƙarshe. Yana da 'ya mace ƙarama a can gida, hotonta yana cikin jakarsa.

Gwiwar nan ba ta bar shi ba. Idan ya zo ina kallon yadda yake riƙe ƙarfen matakala yana hawa a hankali, yana ɓoye wa kocinsu don kada a ajiye shi. Ni kuwa ina da wani garin magani da maiɗakina ta aiko min ta hannun wani matafiyi. A wajen wani mai magani da yake yawo da lasifika a mota ta saya, an liƙa takarda a jikin kwalbar da ajami cewa maganin sanyin ƙashi ne da ciwon gaɓɓai, cokali ɗaya a kunu. Na sha shi don ciwon baya, cikin kwana uku na miƙe garau, cin abincina ya ƙaru, har fuskata ta cika. Da ina da hankali, saurin nan shi ya kamata ya tsorata ni. Maimakon haka sai na ɗauko kwalbar na nuna masa, na ce ga maganin kakanninsa da aka raba shi da su.

Ya karɓa da hannu biyu, ya sunsuna, ya mayar min. Ya ce in yi haƙuri Malam, da bakinsa da ba ya iya faɗin kalmar daidai, jikinsa ba nasa ba ne muddin yana cikin kwantiragi. Ko maganin mura ba ya sha sai likitan kulob ya gani, domin ana gwada fitsarinsu ba tare da sanarwa ba, kuma a wannan shekarar an tsananta saboda idon duniya yana kan ƙasar. Na ce masa ai wannan saiwa ce da ganye, ba ƙwayar bature ba. Ya ce ya yarda da ni, amma a'a. A raina na ce taurin kan Turawa ne ya shige shi, da raina abin da ya fito daga ƙasar baƙar fata.

Mu a gidanmu idan maras lafiya ya ƙi magani ba a jayayya da shi, a kunu ake zuba masa. Na ga mahaifiyata ta yi wa mahaifina haka shekara da shekaru, kuma kowa yana yaba mata. Don haka ranar da ya sake zuwa, na juya masa baya na zuba cokali ɗaya a kofinsa, na ƙara tsamiya don ta ɓoye ɗacin, har da bisimilla. Na kuma cika masa fulas ya tafi da shi. Haka na yi sati uku. Gwiwar ta lafa, ya buga wasa biyu cikakku, ya zo yana tsalle a matakala yana cewa kocinsu ya fara maganar sabon kwantiragi. Ni kuma na kasa riƙe bakina, na raɗa wa Alhajin Maraɗi abin da na yi. Ina jiran yabo, sai na ga dariyarsa ta ɗauke. Ya ce, Malam, mutum ya ce maka a'a da bakinsa, kai kuma ka ce masa i da cokali? Na ce ai ga shi ya warke. Ya ce Allah ya sa haka ne ƙarshenta.

Wata Talata da hantsi, ba ranar hutunsa ba, sai ga shi a shago da takarda a hannu. Ya zauna a kan katan ɗin riguna, ya ce an sami haramtaccen sinadari a fitsarinsa, irin wanda ake sa wa a magungunan kashe ciwo masu ƙarfi. An ba shi 'yan kwanaki ya kawo bayani. Ya ce idan ya iya nuna inda abin ya shiga jikinsa ba da saninsa ba, da shaida da mutumin da zai tsaya ya faɗa, za a iya sassauta masa. Idan babu, dakatarwa ce mai tsawo, kuma mai shekarunsa ba ya dawowa daga irinta. Sai ya fara lissafa duk abin da ya ci. Ya tambaye ni ko na san inda Hajiya take sayen nama, ko tana sa wani abu a miya. Kunun bai ma zo masa a rai ba. Ya dube ni ido cikin ido ya ce ni kaɗai ya yarda da shi a garin nan, in taimaka masa da tunani. Na ce masa zan bincika, Allah ya kawo mafita.

Ga abin da ya ɗaure min harshe. Bizata ta ƙare wata biyu kafin nan, kuma a shekarar sabuntawa ta zama tashin hankali. Duk ofishin da ka je sai a ce maka meyo, wato babu. 'Yan sanda suna tsayawa a bakin gadar Xiaobei suna duba fasfo, kullum sai ka ji an ɗauke wane. Tsayawa shaida yana nufin in shiga ofis, in miƙa fasfona, a rubuta sunana. Bayan Ba'amurken ya fita, Alhaji ya rufe ƙofar shago, ya ce in ɗauki kwalbar in bi shi yanzu. Ya ce idan aka kore ni gida zan koma, Kano tana nan ba ta gudu ba, amma shi wannan bawan Allah ina zai koma? Har ya ce zai raka ni, shi takardunsa lafiya lau. Na ce ya ba ni zuwa gobe in yi istihara. Na san ƙarya nake yi, domin ba a istihara a kan faɗin gaskiya. Washegari bayan sallar asuba na juye garin a masai na kora da ruwa, na wanke kwalbar na jefa a shara. Takardar ajamin kawai na ɓamɓare na sa a cikin littafina, har yau ban san dalili ba.

Aka dakatar da shi, kulob ya soke kwantiragin. Kafin nan ya je wurin Hajiya da zafin rai ya faɗa mata maganganu a gaban masu cin abinci, baiwar Allah tana rantsuwa tana kuka, wasu suka daina zuwa wurinta. Ina zaune a wurin da cokali a hannuna ban ce uffan ba. Ranar da zai tafi ya zo ya yi min sallama. Ya ciro rigarsa ta kulob ɗin Turai, wadda ya ce ita ya fi so cikin duk rigunan da ya taɓa sawa, ya ba ni, ya ce ni na mayar da shi ɗan uwa a ƙasar da ba shi da kowa. Na karɓa. Alhaji ya tashi ya fita daga shagon, kuma daga ranar bai ƙara bina salla ba. Shirun da na yi sati bakwai kacal ya saya min. An tare ni a bakin gadar nan, aka tsare ni, aka sa ni a jirgi.

Da na dawo Kano na ba wani mai kemis labarin garin. Ya ce sananne ne, wasu masu maganin suna niƙa ƙwayoyin asibiti su gauraya da saiwa don a ga aiki da wuri. Na shekara shida da rigar nan a ƙasan akwati, duk azumi sai na ce bana zan neme shi, sai in fasa. A ƙarshe na nemi Alhaji a Maraɗi, ashe yana da adireshin Ba'amurken na intanet. Na rubuta komai, na sa aka mayar min da Turanci, na haɗa da hoton takardar ajamin. Amsar ta zo bayan wata guda, gajeriya. Ya ce yanzu motar kai kaya yake tuƙawa, bai sake buga wa wani kulob ba. Ya ce shekara shida yana zargin likitansu, da matar nan mai abinci, har da kansa, kuma 'yarsa ta girma tana jin ana cewa ubanta ya sha ƙwaya. Ya ce garin da na zuba ya yafe, don ya san so ne ya kawo shi. Amma ranar da ya zauna a kan katan ya tambaye ni na yi shiru, wannan yana nan yana ƙoƙari, bai kai ba tukuna. Ya ce in nemi Hajiya. Na nema, aka ce ta rasu a Kumasi.

Abin da na koya shi ne kyakkyawar niyya ba ta halatta maka jikin wani. Idan mutum ya ce a'a, ko kana ganin kuskure yake yi, a'arsa amana ce a hannunka. 'Yan uwana masu zuwa ƙasashen waje da ƙullin magani a jaka, da iyaye mata masu zubawa a kunu, ku ji tsoron Allah, kada ku ba kowa abin da ba ku san cikinsa ba, balle a ɓoye. Idan kuma kuskure ya riga ya faru, ku faɗa a ranar da faɗin zai yi amfani. Ni na faɗa, amma bayan shekara shida, lokacin da gaskiyar ba ta iya mayar wa kowa komai. Ina roƙon Allah gafara dare da rana, sai dai na karanta tun ina yaro cewa haƙƙin bawa sai bawan ya yafe. Ɗaya ya yafe min rabi, ɗayar kuma tana kabari. Rigar tana nan a akwati, ban taɓa iya sa ta ba, ban kuma iya bayar da ita ba.