Hotuna Biyu na Yaya Mairamu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Oktoba 1987, Allah ya karɓi ran yayata Mairamu a Tabotaki, bayan ta yi shekara biyu tana fama da ciwon daji a nono. Har yau ban yi kuka ba, ban san dalili ba.

Yaya, ke kika goye ni, ke kika yi mini kitson aure. Duk mai jegon da ke unguwarmu ta sha kununki. Amma ba ki taɓa yarda mai hoto ya ɗauke ki ba. Ko da ya zo daga Madawa ranar salla, sai ki ce fuskar da kowa ke gani kyauta ba ki biya a manna ta a bango.

Sai ga shi a asibitin Yamai an ɗauki hoton cikin nononki da na'ura har sau biyu. A na farko ƙullutun ya fito fari, kamar ƙwan zabo. Aka yi watanni ana ɗura miki magani ta jijiya kafin a yi aiki. Gashinki ya zube, kika rame. A na biyu likita ya ɗaga hoton ga haske, ya nuna mana ƙullutun ya koma kamar ƙwayar wake, muka yi ta hamdala. Aka yi aikin, ciwon ya dawo.

Ran sadakar bakwai mun sami hotunan a ƙarƙashin tabarmarki. Mijinki Alhusaini ya ce tsiraici ne, a ƙone su. 'Yarki Hasana ta riƙe hannuna, don ba ta da wani hoton uwarta a duniya. Na roƙa, ya yarda a bar mata ɗaya. Na miƙa mata na biyu, wanda ya faranta mana rai. Ta ture shi, ta ɗauki na farko, mai babban ƙullutun.

Ta ce, "Inna, wanga nika so. Ran da anka ɗauke shi tana da gashinta, kuma da ƙahwarta ta shiga ɗakin."

Ni na ƙone ɗayan, na tsaya har ya narke.

Allah ya gafarta miki, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya haskaka kabarinki. Ya ba Alhusaini da dangi haƙuri. Hasana kuwa, ya Allah, ka riƙe mata fuskar uwarta a zuciya.